Rami mai lamba 17: wata biyu ina gadin ƙwan kunkuru a Siri Lanka

Duk wanda na faɗa wa zan tafi aikin sa-kai Siri Lanka, tambayarsa ɗaya ce: "Kai za ka yi musu aiki, kuma kai za ka biya su?" Sai in yi ta kame-kame, don ni ma abin bai zauna mini ba. Amma haka tsarin yake. Akwai kamfanonin dillalai da ke haɗa baƙi da ƙananan ayyuka a ƙasashe irin wannan, su karɓi kuɗinka da sunan masauki da abinci da ɗauko ka daga filin jirgi, su cire nasu, su tura sauran. Wanda na bi ta hannunsa ya jera mini abu uku: koyar da Turanci, zama da yara a gidan marayu, ko kula da kunkurun teku. Koyarwa ba fannina ba ce. Gidan marayu kuwa raina ne bai kwanta ba, a ce yaron da ya riga ya rasa uwa ya saba da kai, bayan 'yan makonni ka ɗauki jaka ka tafi, wani baƙon ya zo ya sake. Kunkuru ba ya sabo da kowa, kuma ilimin halittu na karanta, sai na ga ai na samu gurbina.

A wajen biza na fara gane cewa dillalin ya fi damuwa da in biya kafin wa'adi. Da na tambaye su wace iri zan nema, sai suka ce in cike ta yawon buɗe ido ta intanet, "kowa haka yake yi". Na je na karanta sharuɗɗanta, a rubuce yake ƙarara cewa mai ita ba zai yi aiki ba, da albashi ko babu. Ban da haka, fasfo irin nawa ba ya cikin waɗanda ake latsa waya a samu izini cikin dare ɗaya. Dole wani a cikin ƙasar ya tsaya mini. Sai na ƙi sakin ragowar kuɗin har sai sun haɗa ni da mai wurin aikin kansa. Shi ya kai takarduna hukumar shige da fice da ke Battaramulla, a gefen Kolombo, tare da wasiƙar gayyata. Abin ya ci mako bakwai. Ina jira ina haɗa sauran: katin rigakafin shawara, inshorar lafiya, takardar 'yan sanda da ke nuna ba ni da laifi, da tikitin dawowa.

Na sauka filin jirgin Bandaranaike da ke Katunayake a farkon Janairun 2024, da asuba. Iskar da ta tare ni a bakin ƙofa kamar an jiƙa bargo da ruwan ɗumi an lulluɓa mini. Kwana uku na yi a Kolombo, duk a kan takardu. Aka ɗebi jinina, aka ɗauki hoton ƙirjina. Na ɗan ji haushi da farko, sai ma'aikaciyar ta tuna mini cewa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, ga shi kuma sauron da ke yaɗa shi yana nan bai ƙaura ba, jinin mutum ɗaya mai ɗauke da cutar ya isa ya mayar da hannun agogo baya. Na miƙa hannu ban ƙara magana ba. Sauron da ta ce in ji tsoro shi ne mai cizon rana, mai kawo zazzaɓin dengi. Wajen canji kuwa dala ɗaya ta haura rupi 300, alhali kafin tattalin arzikinsu ya durƙushe a 2022 wajen 200 take. Shekarar 2022 ɗin tana bakin kowa a lokacin: layin mai na kwana da kwanaki, ɗauke wuta, da ranar da jama'a suka cika fadar shugaban ƙasa har shugaban, Gotabaya Rajapaksa, ya bar ƙasar a watan Yuli.

Daga tashar Fort na hau jirgin ƙasa mai bin gaɓa zuwa kudu. Layin dogon a wasu wurare dab da ruwa yake, ƙofofi a buɗe, samari na rataye a bakinsu. Ƙauyen da na sauka yana tsakanin Bentota da Hikkaduwa. Gidan wata dattijuwa 'yar addinin Buddha aka kai ni, wadda kowa ke kira Amma, wato uwa, ita kuma tun ranar farko ta mayar da ni puta, ɗanta. A can ba a cika kiran mutum da sunansa tsirara ba: wanda ya girme ka aiya ne, yaya mace akka, ƙane malli, ƙanwa nangi. Da na ce mata ba na cin naman da ban san yankansa ba, sai ta kaɗa kai gefe da gefe, na ɗauka ƙi ta yi, ashe wannan kaɗawar ita ce "to" ɗinsu. Shinkafa da miyar kifi da ta waken dal muka yi ta ci, da kwakwa gogaggiya da aka kirɓa da barkono wadda suke kira pol sambol. In ta so yi mini kaza, har shagon wani mahauci Musulmi take aika jikanta. Da magariba ta farko na shimfiɗa sallaya, jikina ya juya baya ga faɗuwar rana kamar yadda ya saba, sai wayata ta nuna mini alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa. Wata biyu na yi ina "kallon gabas" rana tana faɗa wa teku a gabana.

Wurin aikin ba wani babba ba ne. Fili ne na yashi da aka kewaye da raga sama da ƙasa, da kwamin siminti guda shida cike da ruwan teku, da rumfa inda ake karɓar kuɗin shiga daga masu yawon buɗe ido. Mu 'yan sa-kai biyar ne, sauran huɗun daga Turai da Ostireliya. Wanda ke riƙe da aikin na gaskiya wani tsohon masunci ne mai gadin dare, ni aiya nake ce masa, shi kuma malli. Ban daɗe ba na gane digirina bai kai ƙafarsa amfani ba. Cikin nau'o'in kunkurun teku bakwai na duniya, biyar suna hawa gaɓar Siri Lanka su yi ƙwai: kore, da mai launin zaitun, da mai bakin shaho, da mai ƙaton kai, da ƙaton nan mai bayan fata. Ni a littafi na san su. Shi ko a duhu zai taka sawu ya ce maka wace ce, don koriya da hannuwa biyu take jan jiki lokaci ɗaya, sawunta ya fito daidai wa daida, mai launin zaitun kuwa ɗaya bayan ɗaya take jefawa. Kunkuru na son dambe ba shi da yatsa, haka na zama a makon farko.

A dare na uku muna sintiri, wajen ƙarfe ɗaya, ya dafa ƙirjina ya tsayar da ni. "Malli, zauna. Kar ka kunna komai." Can sai na ji wani irin nishi mai nauyi, da ƙarar yashi ana watsawa. Koriya ce, bayanta ya kai faɗin ƙaramin teburi. Mun fi awa a tsugune sauro na cin rabonsa, don in ta ga motsi ko haske kafin ta fara zubawa, juyawa za ta yi ta koma ruwa. Ta share wuri da hannuwan gaba har ta nutsa, sannan ta koma haƙa da ƙafafun baya, tana ɗebo yashi da ɗaya kamar ludayi, ta ajiye gefe, ta sa ɗayar. Da ƙwai suka fara faɗowa, biyu biyu, uku uku, sai ya kunna 'yar fitila mai jan haske, ya ce yanzu ko ganga aka buga ba za ta tashi ba. Na ga ruwa mai kauri na bin idonta. Na san gishirin da ya yi mata yawa a jiki take fitarwa, amma duk da sanin sai da zuciyata ta karye.

Inda ta zuba ɗin dab da bayan wani otal ne mai fitilu, ga karnuka, ga guza, ga masu tono su sayar duk da doka ta hana. Don haka bayan ta rufe ta koma, muka tone. Nan ya koya mini abin da ya fi komai muhimmanci a aikin: ba a juya ƙwan. Ba kamar na kaza yake ba, ɓawonsa laushi gare shi kamar fata, yana lotsawa in ka matsa, kuma bayan 'yan sa'o'i ɗan tayin yana mannewa a saman ɓawon daga ciki, in ka kifa shi ka kashe shi. Yadda ka ɗauko haka za ka ajiye a bokiti, haka kuma za ka sa a sabon rami. Ya auna zurfin ramin uwar da hannunsa, har kafaɗa, ya sa na haƙa irinsa cikin raga, baki ƙunci ciki faɗi kamar tulu, muka zuba har da yashin da ta jiƙa. Ƙwai 112. Na rubuta lamba 17 a jikin katako da kwanan wata na kafa. Na ƙirga a raina: ƙyanƙyasa tana ɗaukar kwana 50 zuwa 60, jirgina kuma saura kwana 56.

Aikin rana babu daɗin labari. Mu kwashe ruwan kwami, mu goge gansakuka, mu ɗebo sabon ruwa daga teku da bokiti, mu yanka kifi ga manyan kunkuru uku da ragar masunta ta gutsure wa hannu, mu tsince roba a bakin gaɓa, gobe teku ta dawo da wata.

Abin da ya hana ni barci shi ne kwamin 'ya'yan. Duk waɗanda suka ƙyanƙyashe ba a sakinsu a daren, sai a zuba su a kwami kwana biyu, uku, wani lokaci fiye, don baƙi su ɗauka su yi hoto, da yamma kuma mai so ya biya ya saki ɗaya da hannunsa. Matsalar ita ce ɗan kunkuru yana fitowa ne da guzurinsa, ragowar gwaiduwa a ciki, kuma da ita yake yin iyon nan na ba tsayawa, kusan kwana guda cur, har ya wuce ruwan gaɓa inda kifaye da tsuntsaye ke jira. In ya ƙone guzurin yana zagaya siminti, da me zai tsere? Ga shi sakin da ake yi da sauran haske, hankaki na kallo. Na kai wa mai wurin maganar, da zafina, har da takardun bincike a waya. Ya saurare ni tsaf, sannan ya jawo littafin kuɗi ya buɗe. Ya nuna mini abin da yake biyan masu kawo ƙwai don kada su kai kasuwa, da kuɗin kifi, da albashin aiya, da bashin da ya ci lokacin annobar korona da rikicin 2022 da baƙi suka ɗauke ƙafa. Sai ya nuna mini abin da dillalina ya turo a kaina. Bai kai rabin abin da na biya ba, kuma daga ciki ake sallamar Amma. "In babu ɗan kunkuru a kwami," ya ce, "motar baƙi gaba za ta yi zuwa wurin maƙwabcina."

Ban ce yana da gaskiya ba, har yau ban yarda da kwamin ba. Sayen ƙwan ma kansa yana da illa, don yana koya wa mutane cewa tono sana'a ce, ko da ramin yana inda babu abin da zai same shi. Amma na fita daga rumfar a sanyaye, don na gane kuɗin da na yi ta ƙorafi a kansa shi ne babban taimakon da na kawo, kuma rabinsa ma bai iso ba. Da na san haka, da kai tsaye na nemi wurin tun farko. Abin da muka daidaita a kai kaɗan ne: daga kowane rami za a riƙe goma, sauran a sake su a daren. Ni kuma na ɗauki aikin da ba wanda ke so, na rula babban littafi, kowane rami da layinsa: nau'i, yawan ƙwai, zurfi, rana ko inuwa, ranar fitowa, da abin da aka tarar bayan an tone. Batun inuwa ba ƙawa ba ne. Zafin yashi ne ke yanke jinsin ɗan kunkuru, in ya haura wajen digiri 29 mata ke rinjaye, in ya yi ƙasa maza, kuma filin namu rana ke dukansa tun safe. Aiya bai taɓa jin wannan ba. Ya dube ni ya ce, "To ashe shekara da shekaru 'yan mata nake ta aurarwa teku." Washegari ya rufe rabin ragar da ganyen kwakwa.

Ranakun hutu na yawo ne. Duk ranar da wata ya cika, wadda suke kira poya, hutu ne a ƙasar baki ɗaya, ba a sayar da giya, mahauta ma a rufe, dattijuwa Amma ta sa fararen kaya ta wuni a wurin ibadarsu. Juma'a kuwa bas nake hawa zuwa Beruwala, garin da Musulmi suka daɗe a cikinsa tun zuwan fataken Larabawa. Musulmi kusan kashi 10 cikin 100 ne na mutanen ƙasar, yawancinsu Shafi'awa masu jin Tamilanci, da shi ake huɗuba. Ba na fahimtar ko kalma, amma ban taɓa fita masallaci ba tare da wani ya ja ni cin abinci ba. A hanya yara kan bi ni suna tambaya ko daga Wes Indis nake, wato tsibiran Karibiyan, don a wasan kurket suka fi ganin baƙar fata. Na je Galle na zaga ganuwar da Turawan Fotugal suka fara, 'yan Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa, da farin masallacin nan da ke kusa da hasumiyar jiragen ruwa, wanda in ba ka ga rubutun Larabci ba sai ka rantse coci ne. Na tsaya a Peraliya, inda igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004 ta kifar da jirgin ƙasa cike da fasinja a kan layin da na biyo, mutum fiye da 1,000 suka mutu a wurin, fiye da 30,000 a faɗin ƙasar. Aiya bai taɓa yi mini zancen ranar ba. Dattijuwa Amma ce ta faɗa mini cewa a ranar ya rasa kwalekwalensa da ƙanensa, kuma tun daga nan bai sake fita kamun kifi ba.

Tafiyar da ta fi tsaya mini ita ce ta Dutsen Adamu, wanda su ke kira Siri Pada. Larabawa Sarandib suke ce wa tsibirin, kuma wasu marubutan tarihi na farko sun kawo cewa a nan Annabi Adamu ya sauka. A ƙwanƙolin dutsen akwai wani lotsi mai kama da sawun ƙafa: 'yan Buddha na cewa na Buddha ne, 'yan Hindu na Shiba, Musulmi da wasu Kiristoci na Adamu. Ni ba ibada ta kai ni ba, son gani ne, da kuma sanin cewa Ibn Baɗuɗa ya hau shi a 1344 yana riƙe sarƙoƙin ƙarfe. Na hau jirgin ƙasa zuwa garin Hatton, cikin gonakin shayin da Ingila ta kafa bayan cuta ta cinye kofi, inda har yau jikokin Tamilawan da aka kwaso daga kudancin Indiya ke tsinkar ganye da kwando a baya. Daga nan bas zuwa Nallathanniya, ƙauyen da ke gindin dutsen. Ƙarfe biyu na dare na fara hawa. Tsayin dutsen mita 2,243 ne, matakalar ta haura 5,000, an jera mata fitilu har sama kamar an rataye carbi a jikin duhu. Lokacin ziyara ne, daga Disamba zuwa Mayu, hanya cike. Tsofaffi mata ba takalmi suna wuce ni suna waƙa, wani ya goyo mahaifiyarsa. Ni da na taho daga zafin gaɓa da 'yar riga ɗaya, haƙorana suka fara kaɗawa, sai da na sayi hular sanyi a rumfar mai shayi. Asuba ta riske ni saura kaɗan in kai, na raɓa bayan wata rumfa na yi alwala da ruwan gora mai kamar ƙanƙara, mai rumfar ya matsar da buhunansa ya ba ni wuri ba tare da na roƙa ba. A sama akwai ƙararrawa, kowa na bugawa adadin hawan da ya taɓa yi. Wata tsohuwa a gabana na ƙirga mata goma sha huɗu. Da rana ta ɓullo, inuwar dutsen ta kwanta a kan hazo ta yamma, kusurwa uku cif kamar an zana da rula. Saukowa ta fi hawa azaba, kwana uku ina tafiya kamar mai kaciya.

Na dawo na tarar da lamba 17 shiru. Kwana 50, 51, 52, kullum in duƙa in duba. A rana ta 53 da yamma yashin saman ramin ya lotsa kamar kwano, aiya ya ce yau ne, suna ƙasa suna jiran sanyi. Wajen ƙarfe goma sai ga ɗan kai baƙi ya leƙo, ya tsaya kamar mai tunani, sannan yashin ya fara tafasa. Suna ta ɓullowa a kan juna, kowanne bai cika tafin hannu ba. Muka ware goma na kwami, ina kawar da kai, muka ɗauki sauran a bokiti zuwa wani ɓangaren gaɓa mai nisa da fitilun otal, don hasken da ya fi ƙarfi suke bi, in fitila ta fi teku haske titi za su nufa. Ba mu zuba su a ruwa ba, mun ajiye su daga sama suka taka da kansu. Igiya ta farko ta watso su baya, suka sake, ta biyu ta kwashe. Masana na ƙiyasin cewa a cikin dubu da wuya fiye da ɗaya ya kai girma, kuma wadda ta kai sai bayan shekara 20 ko 30 za ta dawo yankin ta yi nata ƙwan. Aiya ya tsaya hannu a baya har sawunsu ya goge, ya ce shi dai ba zai ga dawowarsu ba, sai dai ni.

Ba a tone rami sai an ba na ƙasa kwana biyu zuwa uku su gama fitowa, don haka ban samu cike layin 17 da hannuna ba. Dattijuwa Amma ta ɗaure mini garin shayi da ƙullin pol sambol da ta san ba za a bar ni in shiga jirgi da shi ba. Ina zaune a Katunayake ina jiran a kira mu, saƙo ya shigo ta WhatsApp daga wayar jikanta. Hoton shafin littafin ne, da rubutun aiya, lambobinsa masu ƙugiya: ɓawo 96, ƙwan da bai fashe ba 16, biyu cikin 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe sun mutu a rami. A ƙasa ya buɗe sabbin layuka har zuwa 41, ya cike gurbin rana ko inuwa a kowanne. A gefen hoton ana hango kwamin siminti, da hannun wata baƙuwa riƙe da ɗan kunkuru.